Amsoshin tambayoyinku: bidiyo na rarrafe daga kyamara zuwa kwamfuta

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon biki a Tudun Wada. In na dawo daga aiki na jona kyamara da laftof, katin ajiyar bidiyo mai 64GB sai ya kusa cinye awa ɗaya kafin ya gama shiga. In sayar da laftof ɗin in yi ciko in sayi babba?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ina kyautata zaton laifin ba na laftof ba ne, na hanyar da ka bi ne. Kyamarori da yawa, musamman na hannu da ake kawo mana, ramin kebul ɗinsu USB 2.0 ne. A takarda gudunsa megabit 480 a daƙiƙa, wato megabait 60, amma a aikace in ka samu 30 da ɗoriya ka gode Allah. Yi lissafi da kanka: 64GB a wannan gudun ya haura rabin awa, in kebul ɗin ya kwana biyu kuma ga awarka nan.

Zare katin daga kyamara, ka sa shi a kad rida, wato 'yar na'urar karanta kati, mai USB 3.0, ka soka a ramin laftof mai shuɗin harshe ko mai alamar SS a gefe. Kati na gaskiya mai UHS-I, wato alamar ajin gudunsa, yana iya ba ka wajen megabait 90 a daƙiƙa, aikin ya dawo kamar minti 12. Kuɗin ridar bai kai abin da kake ƙonawa na mai a janareta kana jiran kwafi a wata guda ba. Sai dai ka duba inda kake zubawa. In tsohon had dis ne mai juyawa, ya cika maƙil, to can ma za a yi cunkoso. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, ita ce maganin wannan. Kada kuma mai shago ya lallaɓa ka ka sayi rida mai UHS-II alhali katinka layin haƙora ɗaya gare shi a baya. Mai layi biyu ne kaɗai ke cin moriyarta.

Tambaya: Wace manhaja zan sauke da za ta ninka gudun kwafi? Ko in ƙara data? Ɗalibi daga Samaru.

Me ya haɗa data da kwafi daga kati, fisabilillahi? Abu yana bin kebul daga hannunka na dama zuwa na hagu, ba ya biyawa ta intanet. Manhaja kuwa ba ta faɗaɗa bututu. Wasu daga cikin waɗanda ake tallatawa da wannan alƙawarin ma ƙwayar cuta za su zuba maka. Rufe abin da kake kallo, cire tarkacen da ka jona a rami ɗaya, ka bar na'ura ta yi aikinta.

Tambaya: Yaya, ina cikin tashin hankali. Na sayi katin 256GB a wajen wani mai tebur, ƙasa da rabin kuɗin da ake sayarwa a shago. Na ɗauki kamu da walimar ƙawata da shi. Kwafin ya kwana yana tafiya, da safe wasu bidiyon suka buɗe, sauran sunayensu na nan amma ba sa buɗewa. Ban yi barci ba. Daga Gyallesu.

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai aka taɓa yi wa haka ba, kuma ba sakacinki ba ne a wajen ɗauka. Abu na farko, cire katin ki ajiye. Kada ki ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kai, kada ki yarda wani ya ce bari ya yi masa fomatin. Waɗanda suka buɗe ki kwafe su wuri biyu yau ɗin nan. Sauran a gwada manhajar ceto irin PhotoRec, kyauta ce. Amma ba zan ɓoye miki ba: in katin jabu ne, abin da ya wuce ainihin cikinsa ya riga ya ɓace, ba kuma wanda zai dawo da shi. Ki je ki faɗa wa amarya gaskiya da wuri, a tattaro abin da 'yan biki suka ɗauka a wayoyinsu kafin su goge. Da shi ake rufa asiri.

Yanzu bari in juyo kan sauranku, don wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yadda ake haɗa jabun kati ba wani sihiri ba ne. Ƙaramin kati ake samu, mai 8GB ko 16GB, a sauya bayanin da ke cikinsa ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa shi 256GB ne, a manna masa takarda mai sheƙi da sunan SanDisk ko Samsung. Ka soka, kwamfuta ta nuna maka 256GB, ka yi murmushi ka biya. Kyamara ta yi ta rubutu, in ainihin wurin ya ƙare sai sabon ya hau kan tsohon ko ya bi iska, sunayen fayil kuwa suna nan reras kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa ba a ganewa sai an dawo gida, lokacin da an riga an kai amarya.

Jinkirin nan da kuke kuka da shi, sau da yawa shi ne gargaɗin farko. Katin da aka rubuta wa V30 alƙawari ya yi cewa ba zai sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa ba wajen rubutu. In ka ga yana jan ƙafa a 5 ko 6, me kake jira?

Abin da ke ba ni mamaki, mutum zai tara kuɗi shekara guda ya sayi kyamara, ya sayi fitila, ya ɗinka riga mai sunan sutudiyo, amma a kan katin da duk wahalar za ta zauna a kai sai ya tsaya ciniki kamar mai sayen tumatir a kasuwar Sabon Gari da yamma. Kun san farashin dala, kun san katin ba a Zariya ake ƙera shi ba. Ta ina mai tebur zai samo shi a rabin kuɗi? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ni ma na taɓa faɗawa, shekarun baya, a hawan sallah. Na bi dawaki tun daga filin idi har ƙofar fada, na dawo da abin da bai kai minti 20 ba. Ba na son tunawa.

Saboda haka duk sabon kati, ko daga shago mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ya fito, a gwada shi kafin ya ga biki. Manhajar gwajin ita ce H2testw a Windows, F3 ga masu Mac. Cika katin take yi da bayanai sannan ta karanta, ta faɗa maka ainihin girmansa da gudunsa. Tana ɗaukar lokaci, a bar ta ta kwana tana yi. Ku yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in ya faɗi gwaji za a dawo da shi. In ya fara kame-kame, kama gabanka. Kati biyu masu 64GB sun fi mini guda mai 128GB, don in ɗaya ya ci amana ba duka aka rasa ba. Kuma don Allah a daina yanke fayil daga kati. A kwafa, a buɗe a gani, a ajiye wuri na biyu, sannan a goge a cikin kyamara. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kun fi ni sani.

Tambaya: Na samu kaset ɗin MiniDV na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Kowane kaset awa ɗaya yake ci kafin ya shiga kwamfuta. Akwai dabara? Daga Ƙofar Doka.

Amin, Allah ya gafarta masa. Babu dabara, Alhaji. Kaset sai ya juya daga farko har ƙarshe yake ba da abin da ke cikinsa, ta kebul ɗin FireWire, awa ɗaya a awa ɗaya, kuma kowace awa tana cin kusan 13GB. Ka tanadi wuri, ka tabbata batirin laftof na riƙe caji, ka sa a dafa maka shayi ka zauna ka kalla yana shiga.