Kafin ku ɗauki hanyar Madison ko Grand Forks

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, aiki ne ya hana ni zama in amsa. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu ɗalibi ne sabon zuwa a Jami'ar Minnesota, abokan ajinsa sun kai shi kallon hokin ƙanƙara a Mariucci, filin hokin jami'ar, wasan ya shiga ransa. Yanzu shi da abokansa uku suna son bin Gophers, wato ƙungiyar jami'ar, wasan waje da mota a watan Janairu. Yana tambaya ina ya fi, Madison, garin Jami'ar Wisconsin, ko Grand Forks, garin Jami'ar North Dakota, kuma ko za su iya zuwa su kalli wasa su juyo a daren don su huta da kuɗin otal.

Ta ƙarshen zan fara amsawa, don ita ce ta sa na zauna rubutu. Kada ku juyo da dare. Ana fara wasa wajen ƙarfe 7, ana tashi wajen tara da rabi, kafin ku fita daga cunkoson wurin ajiye motoci goma ta yi. Awa huɗu ko biyar na gabanku, cikin duhu, a kan titin da ya ɗan narke da rana ya sake daskarewa da dare. Direbanku ya yini yana tuƙi, ya yi ihu har muryarsa ta dishe, hita na hura masa ɗumi, sauran ukun sun yi barci. Duk kuɗin da za ku rage bai kai wannan kasadar ba. Na daɗe a jihar nan, kuma yawancin motocin da na gani kife a gefen babbar hanyar I-94 da sassafe na tarar da su, wato cikin dare abin ya same su.

Kuma ma ba ka da dalilin juyowa. A hokin jami'o'i, ƙungiyoyi biyu kan kara sau biyu a jere a fili ɗaya, Juma'a da Asabar. Wasan Asabar ya fi daɗi, domin duk wanda aka ture ko aka doke ranar Juma'a da abin a ransa yake kwana. Ku kama ɗaki ɗaya mai gado biyu, ku raba kuɗin huɗu, ku kwana biyu, ku taso ranar Lahadi da hantsi bayan motocin share hanya sun wuce sun zuba gishiri.

Batun inda za ku je kuwa, ka fara buɗe jadawalin kakar bana a shafin ƙungiyar kafin ka sa rai da wani gari. Tun 2013 da aka kafa gasar hoki ta Big Ten, Minnesota ta rabu da tsoffin abokan hamayyarta na tsohon rukuninta, WCHA. Jami'o'in North Dakota, Duluth da St. Cloud suka koma wani rukunin daban, NCHC. Saboda haka karawa da su ta zama ta yarjejeniya tsakanin makarantu: wata shekara a can, wata shekara a nan, wata shekarar babu, kuma galibi a farkon kaka ake sa irin waɗannan wasannin, wajen Oktoba da Nuwamba. Wisconsin ce kuke rukuni ɗaya, don haka kowace kaka akwai tafiya Madison. Wannan kaɗai ya kusa yanke maka hukunci.

Ko da jadawali ya ba ka duka biyun, ni Madison zan ce ku fara da ita. Mil 270 ne ko kusa da haka, awa huɗu idan hanya lafiya. Ka bi I-94 gabas, ka haye kogin St. Croix a Hudson, ka wuce Eau Claire, a Tomah ta haɗe da I-90, sai Wisconsin Dells, sai Madison. Garuruwa a jere suke, gidajen mai ba sa yankewa, akwai itatuwa da tuddai da ke tare iska, kuma babu kuɗin hanya ko sisi. Abin lura a nan barewa ce, musamman da magariba. In ka ga ɗaya ta tsallaka, taka birki, akwai wata a bayanta. In kuma ta riga ta shigo gabanka, birki kawai, kada ka murɗa sitiyari don kauce mata. Kohl Center, inda ake wasan, tana ɗaukar mutum kusan 15,000, shi ya sa tikiti bai cika wuya ba, kuma tana cikin gari, daga otal-otal da yawa da ƙafa za ka taka.

Grand Forks wani abu ne daban. Ba zan ɓoye maka ba, a duk filayen da na shiga babu kamar Ralph Engelstad Arena. An buɗe shi a 2001, an kashe masa fiye da dala miliyan 100, kujerun fata ne, ƙasan dutse ne mai sheƙi, yana ɗaukar mutum sama da 11,000 kuma cika yake yi. Mutanen garin hoki ne rayuwarsu; kofin ƙasa takwas suke da shi, Gophers biyar, kuma za su tuna maka da haka tun daga bakin ƙofa. Matsalar hanyar ce. Mil 315 ne, I-94 yamma har Fargo, sannan I-29 arewa kamar mil 80. Wannan yanki na kwarin Red River shimfiɗe yake, babu tudu, babu daji. Ko sama ba ta zubar da komai ba, iska kan kwashi dusar ƙanƙarar da ke kwance a gonaki ta watso ta kan titi. Ka tuna hazon hunturu mai kauri a hanyar Kano zuwa Daura, to ka mai da shi fari, ka sa titin ya zama santsi. Sama garau, ga rana, amma ba ka ganin fitilar motar da ke gabanka. Idan abin ya yi tsanani hukuma rufe babbar hanyar take yi, akwai ƙofofin ƙarfe a mashigai don haka, kuma wanda ya kewaye ya shiga tara ce ke jiransa. Ga sanyi: digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas ba labari ba ne a can a Janairu. Wanda wannan ne hunturunsa na farko a Amurka, ban ga abin da zai kai shi wannan hanyar ba. Ka bari sai shekarar da wasan ya faɗo a Oktoba.

Idan kuna son gwaji tukuna, St. Cloud awa ɗaya da 'yan mintoci ce, Duluth kuma mil 155 ta I-35, awa biyu da rabi. Ko ba Gophers ke wasa ba, ku je ku ga yadda tafiyar take. Filin Duluth a bakin tashar jiragen ruwa yake, kusa da gadar nan da ake ɗagawa, kuma akwai rufaffiyar hanyar ƙafa daga tsakiyar gari har wurin. Gangaren shiga garin ne kawai ke son natsuwa in akwai santsi.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Ranar da kuka sayi tikiti, ku zauna ku huɗun ku yi magana ɗaya: idan hasashen yanayi ya ɓaci, an fasa, kuɗin tikiti ya tafi, babu mai ganin laifin wani. Ku yi wannan maganar tun sama na garau, domin ranar tafiya ba a iya yin ta. A ranar kowa zuciyarsa na kan kuɗinsa, sai wani ya ce "ai a hankali za mu bi", sauran su ji kunyar musawa. Otal kuma ku kama wanda ake iya sokewa kyauta zuwa kwana ɗaya kafin ranar, ko da ya ɗan fi tsada. Wani otal ya taɓa riƙe mana kuɗin dare biyu cur alhali hukuma ce ta rufe hanya, matar da ke kan waya ta ce sharaɗin da muka amince da shi ke nan, kuma gaskiyarta. Kowace jiha a nan tana da manhajar 511, ta Minnesota daban, ta Wisconsin daban, North Dakota ma tana da taswirar hanyoyinta. Suna nuna inda aka share, inda ke da santsi, har da hoton kyamarorin kan titi. Ka duba daren Alhamis, ka sake dubawa kafin ka tayar da mota.

Motar fa? Ba ka faɗi ko taku ce ko haya za ku ɗauka ba. In haya ce, wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi a kowace rana, kuma duk wanda zai taɓa sitiyari sai an rubuta sunansa a takardar, in ba haka ba inshora ba ruwanta da abin da ya faru. In taku ce, a duba batir da tayoyi. Tsohon batir yana iya tashi lafiya a Minneapolis, ya kwana a filin otal a waje, da safe ya yi maka ƙus. Ruwan wanke gilashi ya zama na hunturu wanda ba ya daskarewa, ka kuma sa galan guda a but. Mutane na raina wannan, amma tirela ɗaya in ta wuce ka ta watso maka ruwan gishiri, gilashin fari fat yake komawa, waifa kuma sai dai ta ƙara dama shi. Mai kada ya sauka ƙasa da rabin tanki. A but a samu bargo, ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, wayar haɗa batir, tocila da ɗan abin ci. In Allah ya kawo tsautsayi kuka zame cikin rami, ku zauna a mota, ku kira 911. Ku riƙa kunna inji kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, amma kafin nan wani ya fita ya tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba, don hayaƙin in ya dawo ciki kisa yake yi ba tare da an ji warinsa ba. Motar share hanya kuma in ka tarar da ita, bi ta a baya da tazara. Gabanta ya fi bayanta muni.

Sai Juma'a, wadda abokanka Turawa ba za su sa a lissafi ba. Idan ka tsaya ka yi salla a Minneapolis, ba za ka kama hanya ba sai wajen ƙarfe biyu, ka isa Madison shida ta wuce in ba ka tsaya ko'ina ba, rabin tafiyar ƙarshe a duhu, tunda a Janairu kafin biyar da rabi gari ya rufe. Abin da nake yi shi ne in tashi bayan Asuba in riski Juma'a a can. Akwai masallaci dab da harabar jami'ar Madison, Fargo ma akwai. Batun kasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminku tun kafin tafiyar. Magariba tana shiga kafin a buɗe ƙofar fili, sai ka yi abinka a ɗaki ka fito da natsuwa. Ka kuma lura azumi ya matso cikin kakar hoki a shekarun nan, yana kamawa a Fabrairu da Maris, in tafiyar ta ja zuwa lokacin. Abinci kuwa, ka biya Cedar-Riverside daren Alhamis, ga ta nan a bayan makarantarku, ka sa 'yan'uwanmu Somaliyawa su ɗaure maka shinkafa da naman akuya da sambusa. Da wannan da filas na shayi kun wuce wurin. Abin da ake sayarwa a cikin fili tsada gare shi, kuma yawancinsa sai ka yi ta tambayar me ke ciki.

Tikiti daga shafin makarantar da za ku je za ka fara nema, in ya ƙare sannan ka koma wurin masu sake sayarwa. Ka dubi taswirar kujeru da kyau kada ka faɗa sashen ɗalibansu ko gefensa. A tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, da makaɗansu, kuma aikinsu ɗaya ne, su zolayi baƙo. A Madison, da zarar an zura wa mai tsaron ragarku, dubban mutane za su nuna shi da yatsa suna kiransa rariya. Sa rigarka mai ruwan kunkumadi da ruwan zinare, babu mai taɓa ka, iyaka a yi maka tsiya ka yi dariya. Wanda ya sha ya fara wuce gona da iri, ka ba shi hanya kawai. Tikitin a waya yake zuwa, sanyi kuma na shanye batirin waya cikin ɗan lokaci, don haka ka sauke shi tun a otal, wayar ta zauna a aljihun ciki. Yawancin filayen ba sa barin babbar jaka, ka karanta dokarsu. Lokacin wasa ma ka sake dubawa a makon, masu talabijin kan sa a matsar da shi.

Tunda ɗalibin ƙasar waje ne kai, ka tafi da fasfo da takardunka na makaranta, ballantana in wata rana ka nufi Grand Forks, wadda ba ta da nisa da iyakar Kanada. In kuma nan gaba kuka ce sai Michigan ko Notre Dame, ku sani agogonsu ya riga namu da awa ɗaya, kuma hanyar Chicago akwai kuɗin hanya.

Ka turo mana ranakun da ka gani a jadawalin da irin motar da za ku shiga. Akwai 'yan zauren nan da ke zaune a Madison, wataƙila ma a samu wanda zai nuna muku inda za ku ajiye mota ba tare da an ja ta ba.