Bincike Kan Yaran da Iyayensu Suka Kai Juna Kotu: Fayil Kaɗai Ya Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce 'yar Daura, ina ajin ƙarshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, fannin nazarin zamantakewa. Ina son rubuta kundina a kan halin da yara ke shiga idan iyayensu suka kai juna kotu kan riƙo da ciyarwa. An ba ni shawara in je kotu in tattaro fayil-fayil. Hakan ya isa? Kuma za a bar ni in yi hira da yaran?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fayil bai isa ba, amma da shi za ki fara.

Ki fara tantance kotun da kike nufi. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ita ce ta tanadi kotun iyali, a matakin majistare da na Babbar Kotu, ta kuma hana 'yan kallo shiga zamanta, ta hana bayyana sunan yaro. Sai dai ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Katsina ta samu Dokar Kare Yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Duk da haka, matar da aka saki a Daura ko Sandamu, idan tana neman 'ya'yanta, yawanci kotun shari'ar Musulunci take nufa, inda ake hukunci da mazhabar Malikiyya. Don haka ki karanta hukuncin reno a Risala ta Ibn Abi Zaid kafin ki taka ƙofar kotu. Uwa ce ke da haƙƙin riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana kan uba ko a hannun wa yaron yake. Mutane da yawa a ƙasar nan sun ɗauka da an yaye yaro ya zama na uba. Wannan al'ada ce, kuma tazarar da ke tsakaninta da abin da ke cikin littafi kaɗai ta isa a rubuta kundi guda.

Ba a ba kowa fayil don ya yi sallama. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ki rubuta wa babban rajistara, ki jira izini. Abin da za ki tarar shi ne ranar shigar da ƙara, sammaci, bayanin mai ƙara da na wanda ake ƙara, da kuɗin da alƙali ya yanka duk wata. Daga nan takarda ta yi shiru. Ba za ta gaya miki uban ya biya wata biyu ya tafi ci-rani ba. Ba za ta gaya miki uwar ta daina zuwa karɓa don kuɗin mota daga ƙauyensu ya kusa cinye abin da ake ba ta ba, ko cewa yarinyar da aka ce uwa ta riƙe yanzu tana gidan kaka tana tallan awara saboda sabon miji ba ya son agola. Akwai kuma yaron da aka tura almajiranci don kowane ɓangare kada ya ce ɗayan ya yi nasara. A ganina nan aikin yake: ki bi yaron bayan hukunci. Ki kuma tuna rigingimun da suka kai gaban alƙali kaɗan ne. Sauran a zauren mai unguwa ko gaban limami da dattawan dangi suke ƙarewa, kuma ba mai rubuta su.

Batun hira da yara, eh, ana yi, amma da sharaɗi. Sai wanda ke riƙe da yaron ya yarda, shi ma yaron ya yarda, kuma in ya ce ya gaji ki ƙyale shi. Kada ki tafi da masinjan kotu, gidan zai ɗauka sammaci ne. Ki faɗa tun a zaure cewa ke ɗaliba ce, ba tallafi kika kawo ba, ba kuma alƙali ne ya aiko ki ba. In ba haka ba, za a gaya miki abin da ake zaton zai jawo taimako. Ki lura da wanda ke kusa. Matar uba tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, yaro ba zai ce komai ba sai "lafiya lau".

Kada ki kuskura ki tambaye shi wa ya fi so, Umma ko Baba. An riga an sa shi a tsakiya, kada ki ƙara masa. Ki tambayi abin da ke faruwa kullum: a ina yake kwana, wa ke tashinsa makaranta, wa ke ba shi kuɗin tara, yaushe rabonsa da ganin mahaifiyarsa, wa ya kai shi asibiti da ya yi zazzaɓi. Ƙaramin yaro ki ba shi takarda da fensir ya zana gidansu, ki ga wa ya sa a ciki.

Tun kafin ki fita, ku tsara da malamin da ke duba aikinki abin da za ki yi idan yaro ya ambaci duka mai tsanani ko lalata. Wannan ba sirrin da za ki riƙe ba ne. Jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ake sanar wa, kuma ki gaya wa iyalin haka tun farko.

Wajen rubutu, sauya suna bai wadatar ba a gari irin Daura. In kika ce tela ne mai mata uku a kusa da Kusugu, kin riga kin nuna shi da yatsa. Ki sauya unguwa da sana'a, muryoyin da kika ɗauka kuma kada su kwana a wayar da ƙannenki ke wasa da ita. Ki tsaya kan kotu ɗaya, shekara ɗaya, da gidajen da za ki iya komawa fiye da sau ɗaya, ki kuma rubuta ƙarara cewa sakamakonki na waɗannan gidaje ne, ba na jihar Katsina gaba ɗaya ba.