Amsoshin Tambayoyinku: Kifin Ado, da Masu Sayar da Rini a Matsayin Halitta

Wata uwa daga Kaduna ta rubuto: "Yarana sun matsa mini da maganar kifin ado tun da suka gani a gidan kawunsu. Na sayi akwatin gilashi mai cin jarka uku ta ruwa, da filta mai tace ruwan, amma ban zuba komai ba tukuna. Tsorona kada in haɗa waɗanda za su cinye juna a gaban yara. Waɗanne zan saya?"

Hajiya, Allah ya yi wa yaran albarka, kuma ki kwantar da hankalinki, domin kin fara da abin da ya dace: tambaya kafin saye. Jarka uku lita 75 ke nan, ta isa ƙaramin gida mai kyau. Ki fara da gupi, ɗan ƙaramin kifin nan mai faffaɗar jela kamar mafici, wanda asalinsa daga Benezuwela da tsibirin Tirinidad ne. Ba ya faɗa, kuma yana jure ɗumin ɗakunanmu. Sai dai gupi haihuwa yake yi, ba ƙwai yake sakawa ba, kusan duk wata, kuma manyan sukan haɗiye jariran. Tunda abin da kike gudu ke nan, ki sayi maza zalla guda shida. Dama su ne masu launin. Bayan mako biyu ki ƙara kori guda shida, masu yawo a ƙasa suna tsintar abin da ya nutse, ki shimfiɗa musu yashi mai laushi.

Abin da za a tallata miki kuma ki ƙi ya fi wannan yawa. Kifin zinare ruwan sanyi yake so, yana girma ya kai taƙi ko ya wuce, ga yawan kashi. Taiga-bab, mai zane baƙi-baƙi, aikinsa ke nan yagar jelar gupi. Oska yana da ban sha'awa yana ƙarami, amma zai kai santimita 30, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Neyon tetira, mai layin shuɗi da ja, kowa yana sonsa, to amma ɗan yankin Amazon ne da bai son ruwa ya wuce digiri 26, kin kuwa san yadda ɗaki yake a watan Afrilu.

Wani magidanci daga Kano ya ce: "Na sayi akwati da kifi goma sha biyu rana ɗaya. Kafin mako ya zagayo tara sun mutu. Cikin waɗanda suka rage akwai biyu da ake ganin ƙashinsu, masu layin ruwan hoda da kore mai ƙyalli, yanzu launin ya fara kodewa. Wane abinci zai dawo da shi?"

Malam, babu abincin da zai dawo da shi, domin launin ba nasu ba ne. Rini aka sayar maka. Wannan kifin ɗan ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta, kuma Allah ya halicce shi garau kamar gilashi. Wasu 'yan kasuwa a can wajen da ake kiwonsa sukan ɗauki allura su ɗura masa launi a jiki. Da yawa suna mutuwa tun a hannunsu, waɗanda suka rayu kuma sukan zo da rauni, cuta ta yi saurin kama su, sannan cikin 'yan watanni launin ya gushe. Haka ake yi wa kifin nan mai bakin aku: nasa launin ruwan lemo ne zuwa ja, amma za ka gan shi shuɗi ko shunayya kamar alawar yara, wani ma an zana masa zuciya a gefe.

Wannan abu yana ci mini rai. Mu da muke da Ƙofar Mata mun san rini, mun san a kan yadi ake yinsa. Dabba mai rai kuma, wadda ba ta da bakin kuka, a soke ta da allura don kawai ta burge mai wucewa? Zalunci ne, kuma yaudara ce, tunda an karɓi kuɗin launi mai ɗorewa an ba ka na aro. Ba na cewa kowane mai shago ya sani. Wasu haka aka kawo musu a leda daga Legas suka karɓa. Amma muddin muna saye, za a ci gaba da kawowa. Idan ka ga launi mai kashe ido a jikin kifin da sauran jikinsa fari ne ko garau, ko ka ga zanen da ya yi kama da aikin hannu, ka tambaya kai tsaye, in aka fara kame-kame ka yi gaba. Abin takaicin ma, ba mu rasa launi na gaskiya ba. Kiribensis, wanda macensa ke da ciki ja-jawur, ɗan ƙoramun kudancin Najeriya ne da Kamaru, kuma masu kiwon kifin ado a Turai sun daɗe suna ji da shi. Yana da kishin wurinsa idan ya yi ƙwai, don haka a ba shi ɗan kogo da fili, amma launinsa nasa ne har ya mutu.

Su kuma taran da suka mutu, gaggawa ce ta kashe su. Kashin kifi yana zama amoniya, guba ce a ruwa. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke taruwa a soson filta suna karya wannan gubar, amma sai sun ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa. Sabon akwati ba shi da su. Wanda ya zuba kifi goma sha biyu a ranar farko, ya tsoma su ne cikin ƙazantarsu. Hajiya ta Kaduna, ke ma ki ji wannan: a cika akwati, a kunna filta, a riƙa jefa ɗan garin abincin kifi kaɗan yana ruɓewa, a jira. In ruwan famfo ne a sa masa maganin kashe kulorin. Daga baya a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, a wanke soson filta da tsohon ruwan da aka kwashe, kada sabulu ya kusanci komai. A wannan zamani da mudun shinkafa ke sa magidanci lissafi, ban ga dalilin da mutum zai sayi kifi sau uku saboda ya kasa haƙurin wata ɗaya ba. Kuma mai shagon da ya haɗa maka akwati da kifi a rana ɗaya bai gaya maka wannan ba, ka canza shago.

Wani ya tambaya ko zai iya ɗebo 'ya'yan tarwada daga tafkin abokinsa ya haɗa da gupi "don akwatin ya cika".

Haba Malam! Kai ba ka san tarwada ba? Ko 'yan'uwanta ba ta bari in ta fi su girma. A'a.

Wata kuma na son ta haɗa kifin beta maza biyu, ja da shuɗi, saboda sun dace da labulen falonta.

'Yar'uwa, ba don labule ake zaɓar kifi ba. A ƙasar Tailan, inda ya fito, an daɗe ana kiwonsa don faɗa. Namiji ɗaya a akwati, kuma kada ki haɗa shi da gupi, domin dogon jelar gupi yakan tsokano shi.

Sai wani ɗalibi daga Zariya: "Ina da kifin filati biyar, ina son su sosai. Wuta takan yi kwana ba a kawo ba, ga hunturu ya shigo, yau kuma na ga farin ɗigo-ɗigo kamar gishiri a jikin biyu. Ko ni na jawo musu?"

Ƙanena, kada ka zargi kanka, kuma da yake ka gani da wuri ana warkewa. Wata 'yar ƙwayar cuta ce da ke samun kifi idan sanyi ya raunana shi, sanyin Zariya da asuba kuwa ba wasa ba ne. Ka nemi maganin farin ɗigo a wajen masu sayar da kifin ado, ka bi abin da aka rubuta a kwalbar, ka sa wa akwatin gaba ɗaya, kuma ka ci gaba wasu kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, domin ƙwayar tana nan a ruwa. Da dare ka lulluɓe akwatin da bargo, ka ɗauke shi daga jikin taga. Hita za ta taimaka in akwai wuta, a tsayar da ita kan digiri 26. Amma in kuɗinka na abu ɗaya ne, ka fara sayen ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko fawa-bank, saboda idan filta ta tsaya iska ce ke fara ƙarewa. Ranar da babu wuta ka rage musu abinci, kwana ɗaya ko biyu ba zai cutar da su ba. Kada ka ƙara sabon kifi sai waɗannan sun warke sarai, kuma in ka sayo, ka ajiye shi a wani mazubi daban na mako biyu kafin ka haɗa su.