Filin Tambaya da Amsa: Yadda Za A Yi Da Zafin Bazara

Tun shigowar watan Maris, kusan duk wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan zafi suke. Daga Sakkwato da Maiduguri har Yamai da Damagaram, ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da tsakar rana daga Maris zuwa Mayu, ga ƙarancin wutar lantarki, ga wahalar ruwa. Mun zaɓo tambayoyin da aka fi maimaitawa, muka miƙa wa likita da ma'aikaciyar jinya da wani gogaggen magini. Ga amsoshinsu.

Tambaya: Ɗakina rufin kwano ne, babu silin. Ko da ƙarfe goma na dare ba ya shiguwa, fanka kuma iska mai zafi take hurowa. Ba ni da halin sayen na'urar sanyaya ɗaki. Ina mafita? Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Malam, zafin ɗakinka ta hanya biyu yake shiga. Kwano yakan haura digiri 60 da azahar, ya dinga sauke zafin kai tsaye a kanku. Bulon siminti kuma yini yake yana shan rana, sai dare ya yi ya fara amayar da ita cikin ɗaki. Dalilin da ya sa ke nan za ka ga tsakar gida ta huce amma ɗaki yana nan da zafinsa.

Fara da sama. Silin shi ne babban magani, na katako ko na roba, in kuma babu hali a ɗaura zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon, a bar tazarar kamar kamu ɗaya ko biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a toshe tsakanin silin da kwano ruf. Iskar da ta maƙale a wurin sai ta yi zafi ta ratso silin ɗin. A bar kafofin iska a bango biyu masu fuskantar juna, a sa musu waya saboda jemagu da ɓeraye. Bayan haka a wanke ƙurar kwanon a shafa masa farin fenti shafi biyu, domin fari yana mayar da hasken rana, kwano mai tsatsa kuwa shanye shi yake yi. Ƙura tana rage aikin fentin, don haka a riƙa wanke rufin duk farkon bazara.

Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, shi ya fi buƙatar inuwa. Rumfar zana ta wadatar a bana, sannan a dasa darbejiya, amma a ba ta tazarar mita huɗu ko biyar daga gini saboda saiwarta.

Game da taga, a rufe ta da labule tun hantsi idan waje ya fi ciki zafi, a buɗe duka bayan magariba. Iskarmu ta bazara busasshiya ce, wannan kuma dama ce: a jiƙa buhun algarara ko zani mai kauri a rataya a tagar da iska ke shigowa, yayin da ruwan ke bushewa yana tafiya da zafi. Fanka kuwa ba ta sanyaya iska, busar da zufa kawai take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka ƙara wa jiki zafi take yi. A irin wannan lokaci a jiƙa jiki ko riga tukuna kafin a zauna gabanta.

Idan za a kwana a tsakar gida, a yayyafa ruwa a ƙasa da yamma, a ɗaura gidan sauro, a kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama. Kada a kusanto da janareta bakin taga don fanka ta juya. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 75, yana shan maganin hawan jini. Kwanan nan da rana yakan yi laushi, ba ya son shan ruwa. Ta yaya zan gane abin ya kai na asibiti? Daga wata mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hajiya, wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a wannan makon, domin zafi ya fi yin illa ga wanda ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, zufarsa ta ragu, wasu magungunan hawan jini kuma, musamman masu sa yawan fitsari, suna ƙara zuƙe ruwan jiki. Kada ku dakatar da maganin da kanku. Ku kai wa likitansa katin ya duba ko akwai abin da za a rage a wannan lokaci. In Baba yana da ciwon ƙoda ko na zuciya, likita ne zai faɗi yawan ruwan da zai sha, don a nan yawan ma yana da illa.

In ba haka ba, kada a jira ya nema. A ajiye kofi kusa da shi, a miƙa masa duk bayan awa ɗaya, a haɗa da bayan kowace salla. In ruwa zalla ya gundure shi, a ba shi kunu mai ruwa-ruwa, fura da nono, kankana ko zoɓo marar sukari da yawa. A kula da fitsarinsa: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci.

Mataki biyu ne za ki sani. Na farko galabaita: zufa mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, amma mutum yana cikin hayyacinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗan ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a shafa masa ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hankali. In minti 30 ta wuce bai warware ba, a tafi asibiti.

Na biyu shi ne bugun zafi, kuma yana kisa. Jiki da ya saba zama a digiri 37 sai ya kai 40 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa. Alamarsa tana cikin hankali: surutai marasa kan gado, rashin gane mutane, tangaɗi, jijjiga ko suma. Fata takan yi zafi zau, wani ya bushe, wani kuma yana ta zufa, don haka kada zufa ta ruɗe ki. Sau da yawa iyali kan ɗauka iska ce ko tsufa, a tsaya ana jiran yamma. Jiran nan ne yake kashewa. A cire masa kaya, a kwarara masa ruwa mai sanyi a duk jiki, mutum biyu su dinga yi masa fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara cikin tsumma a wuya da hammata da matsematsi. A ci gaba da haka a cikin mota har asibiti, tagogi a buɗe. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa. Farasitamol ba ya sauke wannan zafin, don ba zazzaɓin cuta ba ne, yana ma iya ƙara wa hanta nauyi.

Duk mai ganin batun zafi wasa ne, to ya tuna aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai fiye da 1,300. A watan Afrilun shekarar kuma garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5.

Tambaya: Ɗana wata uku, nono kaɗai nake ba shi. Surukata ta ce zalunci ne a hana yaro ruwa a wannan zafi. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai shayarwa a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, tausayi ne ya sa Inna ta faɗi haka, sai a yi mata bayani cikin ladabi. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ya ishi jariri har wata shida ko a Afrilu. Cikinsa ƙarami ne, in ruwa ya cika shi zai rage tsotso, nonon ya ragu, ga haɗarin gudawa, wadda ita ce ke ƙarar da ruwan jikin yaro cikin sa'o'i. Ki ƙara yawan ba shi nono dare da rana, ruwan kuma ke za ki sha, kofi guda duk lokacin da kika zauna shayarwa.

Ki rage masa kaya. Riga ɗaya ta auduga ta isa, ba hula, ba safa, ba tawul. Goyo da zani biyu a tsakar rana yana dafa yaro, haka ma lulluɓe shi da mayafi. Ƙurajen zafi ba sa son man shafawa mai kauri don yana toshe kafofin zufa, wanka da ruwa marar zafi sau biyu ko uku da barin fata ta sha iska ya fi. In kika ga maɗiga ta faɗa, ko ya yi awa shida bai jiƙa nafkin ba, ko ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya tasuwa, ki kai shi asibiti nan take. Kada kuma a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti biyar ne.

Tambaya: Ni birkila ne, ba ni da zaɓi sai aiki a rana. Ruwa nawa ya kamata in sha? Da dare jikina kan yi ciwo, ina sayen maganin ciwon jiki a kemis. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da zufa lita guda a awa. Ƙa'ida ita ce kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, wato kimanin leda biyu ta fiya wata a awa, ko da ba ka jin ƙishi. Kada ka wuce lita ɗaya da rabi a awa, don ruwa zalla mai yawa a lokaci guda yana tsinka gishirin jini. Zufa tana fita da gishiri, shi ya sa jijiyoyi ke ɗaurewa. Abinci mai gishiri daidai yana mayar da shi, in kuma aikin ya yi tsawo ka haɗa wannan: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba tozo. Gishirin in ya yi yawa cutarwa yake. Abin da ya kwana ya yini a zubar.

Ku yi magana da mai aikin a fara da an idar da sallar asuba, a yi zuba kankare da ɗaukar bulo kafin ƙarfe 11, a huta a inuwa daga azahar zuwa la'asar. Siminti ma ya fi son haka, don in ya bushe da sauri tsagewa yake. Sabon lebura a sassauta masa, jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Malafa da riga mai haske mai dogon hannu sun fi tuɓe riga.

Batun kemis ne ya fi damun mu. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, in suka tarar da jiki ba ruwa suna iya lalata ta. Yawancin ciwon jikin nan na rashin ruwa da gishiri ne. Ka fara gyara wannan, in bai daina ba ka ga likita.

Tambaya: Gaskiya ne shan ruwan ƙanƙara bayan an shigo daga rana yana kawo ciwon haƙarƙari? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: A'a. Ƙwayoyin cuta ke kawo shi, ba sanyin ruwa ba. Abin tambaya shi ne da wane ruwa aka yi ƙanƙarar, don daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifot. In ba ka san asalinta ba, ka sa ledar ruwanka a kanta ta yi sanyi, kada ka jefa ta a kofi. Kunun aya kuma yana saurin lalacewa a zafi, wanda ya fara tsami ko ya kumbura gora a bar shi.

Tambaya: Ina yin allurar insulin, ba mu samun wuta, firij ya zama akwati. Yaya zan adana ta? Daga wata uwargida a Damagaram.

Amsa: Hajiya, kwalbar da aka fara amfani da ita takan yi kimanin mako huɗu in ba ta wuce digiri 30 ba, amma zafin ɗaki na bazara yana rage mata ƙarfi. Dabarar tukunya cikin tukunya tana taimakawa. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. A samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar bakinsu ya daidaita, a cika tsakaninsu da yashi kaurin yatsa biyu zuwa uku. A jiƙa yashin sosai, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ɗora kan duwatsu uku. A ƙara ruwa safe da yamma. Insulin a sa ta cikin roba mai murfi kada ruwa ya taɓa ta. In yashin ya bushe, ko aka kulle tukunyar a ɗaki marar iska, sanyin ya tafi, da damina ma aikinta yana raguwa saboda laima. Tumatir da tattasai da alayyafo suna ƙara kwanaki a ciki. Insulin da ta canza launi ko ta yi gudaji kada a yi amfani da ita, in kuma sukari ya ƙi sauka ba dalili a zargi kwalbar.

Tambaya: Me ya sa sanƙarau ya fi tashi a wannan lokaci? Ina da almajirai da yawa a ɗaki ɗaya. Daga wani malamin tsangaya a Yobe.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, madalla da wannan kula. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma ta numfashi da tari take yaɗuwa, cunkoso a ɗaki marar taga shi ke ba ta hanya. Annobar 1996 ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya. A rage yawan masu kwana a ɗaki, manya su koma rumfa cikin gidan sauro, a bar tagogi a buɗe. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na cutar, sai a tuntuɓi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ji lokacin da ake yi. Yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuyansa ya sandare ba ya iya kai haɓa ƙirji, ko ba ya son haske, a kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa ma'aikatan lafiya su waye ke kwana kusa da shi don a duba su.