Kada ka cika wa jarumi kuɗinsa sai ya gama sin na ƙarshe a fim

Wai kana tambayata yadda darakta zai sa jarumi ya ji maganarsa a lokeshan, da lallashi ko da tsawa. Kai yaro, inda za ka tsayar da shi da yadda za ku bi layin maganganunsa kafin a kunna kyamara, ko mai riƙe fitila ya san wannan, ba zan ɓata bakina ba. Jarumi yana jin maganarka ne muddin sauran kuɗinsa na hannunka.

Zamanin da sidi ke ci, na ɗauko wani jarumi daga Kano, don 'yan kasuwa ba su sayen fim sai sun ga fuskar da sunka sani a fosta. Ya iso yana ta "Allah ya ƙara girma, darakta", furodusa ya ji daɗi ya zube masa kuɗinsa duka, ina hanawa. Labarin manomi ne da fari ya kora daga gida, shi ya sa munka tafi Wurno ta jihar Sakkwato cikin hunturu: hazo ya rufe gari, gonaki an girbe, sai kara. Na sa shi ya tara gemu. Muna kai rabin aikinsa ya ce an yi masa rasuwa, zai je ya dawo. Ashe wani fim ya karɓa. Waya a kashe.

Sai da damina ta kankama ya ɓullo, haɓa a aske tas, har kumatu ya yi. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar. Ina farin? Mai kantiniyuti, wadda ke lura kada kamannin jarumi su canza daga sin zuwa sin, ta buɗe littafinta, ta dube shi, ta rufe. Munka manna masa gemu da gam, gumin Sakkwato ya ɓamɓare shi ana tsakiyar magana. Dole na sake komai da wani yaro na nan gida. Hayar kyamara, man janareta, masauki, abincin ma'aikata, duk sau biyu, 'yan kasuwa kuma sunka karya farashi tunda babu fuskar Kano. Filina na unguwar Arkilla a nan ya tafi. Da na kai ƙara, manya sunka ce a yi haƙuri. Har yau in ya fito a talabijin tashi nake.

Ku yaran yanzu da an samu jarumi mai mabiya a TikTok sai ku yi ta rawar jiki kuna ɗaukar hoto da shi, alhali ku ke cikin haɗari fiye da mu, tunda fim mai dogon zango kuke yi a YouTube. In ya gudu a kashi na 10 fa?

Ba shi sulusi kafin alƙalami, a rubuce, gaban shaidu, a sa har aski da gemu a ciki. Kayan da ya yi sin da su suna wurin mai kaya, ba ya tafiya da ko hula. Jarumin da ya zo daga nesa, fara kwashe nasa duka, 'yan gida su jira. In ya yi kuskure ja shi gefe ka faɗa masa a kunne, don in ka kunyata shi gaban yara gobe ciwon kai zai tashi da shi.