Tambaya da Amsa: Me Zan Saya Don Haɗa Ƙananan Tankokin Yaƙi?

Wani mai karatu ya rubuto: "Ina sha'awar haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba, amma lambobin da ke jikin kwali sun rikita ni. In sayi 1/35 ko 1/72?"

Ɗan'uwa, lambar tana gaya maka sau nawa aka rage girman abin ne. A ma'aunin 1/35, sojan da tsayinsa ya kai santimita 175 zai dawo santimita 5, tankar Sherman ta Amurka kuma ta kai kusan santimita 17. A 1/72 komai ya koma kusan rabin haka. Ni dai 1/35 nake ba mai farawa shawara, domin gutsattsarin sun fi kamuwa a hannu, kuma sojoji da kayan da za ka ƙara daga baya sun fi yawa a wannan ma'auni. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi, kuma tsofaffin samfuransa suna da sauƙin haɗawa. Ka guji kwalin da aka ce gutsattsarinsa sun kai 800 ko 1,000, musamman mai sarƙar ƙafa da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa a nan suke karaya, su tura kwalin ƙarƙashin gado. Bayan samfurin, ka nemi ɗan almakashin yanke roba, wuƙa mai kaifi, samfefa mai laushi, da gam irin Tamiya Extra Thin, wanda yake narka bakin robar ya haɗe ta. Sufa gulu sai a kan ƙarfe ko rezin, wata irin roba da wancan gam ba ya narkarwa.

Wata uwa ta tambaya ko ta saya wa ɗanta mai shekara 12 na'urar feshin fenti.

Hajiya, ki dakata tukuna. Buroshi biyu masu kyau da fentin akirilik irin na Vallejo sun ishe shi, ruwa ke wanke shi, ba ya da wari mai hawa kai. Ya riƙa tsinka fentin, ya shafa siriri sau biyu ko uku. Idan ya gama samfuri uku bai gaji ba, sai a yi maganar na'ura, kuma a yi feshin inda iska ke shiga da fita.

Tambaya ta uku ita ta fi jan hankalina: "Na sayi kwalabe goma na fenti mai launin tsatsa da laka, amma tankata ta fito kamar an tsinto ta a bola. Wanne zan ƙara saye?"

Malam, kada ka ƙara ko ɗaya. Abin da kake bukata hotunan motar ta ainihi ne. Tankar da ke fagen daga a Yaƙin Duniya na Biyu sau da yawa watanni kawai take yi kafin a lalata ta ko a mayar da ita gyara, to yaushe ta samu lokacin yin tsatsa daga sama har ƙasa? Ƙura da laka da tsiyayar mai su ne suka fi yawa a jikinta. Tsatsa tana zama a kan salansa, inda zafi ya cinye fenti. Motar sulke ta Amurka mai suna M113 kuwa jikinta alminiyon ne, jan tsatsa ba ya kama shi sam, amma kullum sai na ga an yaɓa mata. Wannan yana damuna, domin aikin makonni ne ake ɓatawa cikin minti goma.

Launi ma tarihi ne. Wajen fentin tankokinta, Jamus ta bar launin toka mai duhu ta koma rawaya mai duhu a watan Fabrairun 1943, saboda haka ka san shekarar da tankarka take wakilta kafin ka buɗe kwalba. Bayan fenti, ka fesa banish mai ƙyalli, ka manna sitikun, domin a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Sannan ka tsinka wani fenti mai launin ƙasa-ƙasa, ka ɗiga shi a ramuka da gefen ƙusoshi, ka share abin da ya wuce. Karce kuma sai inda hannu da takalmi ke gogawa: bakin ƙofa, wurin taka ƙafa, gefen murfin inji.

Wani kuma ya ce ko ya sayi ƙasar da aka riga aka haɗa don ɗan filin da zai ɗora tankarsa. Ba dole ba ne. Katako, filasta, yashi da aka tankaɗe da farin gam na kafinta sun wadatar. Ka danna sarƙar tankar cikin filastar tun tana da danshi, don abu mai nauyin tan 30 ba ya tsayawa a kan laka bai nutse ba. Kuma launin da ka sa wa ƙasar, shi za ka shafa a ƙafafun motar da takalman sojojin.