Amsa ga ɗan ƙanena kan binciken asali kafin aure

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce malaminku na falsafa ya koya muku cewa ƙabila da asali mutane ne suka gina su, ba da su aka haifi kowa ba, don haka kake tambaya me ya sa har yanzu muke binciken asalin mai neman aure.

Malaminka bai yi ƙarya ba. Masanan Faransa irin su Michel Foucault, wanda ya rasu a 1984, sun nuna cewa masu iko ne ke raɗa wa jama'a suna, su rubuta shi a takarda, daga baya a ɗauka haka Allah ya yi su. Kano kaɗai ta ishe ka shaida. Ga unguwannin Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari da Agadasawa: kakannin mutanensu baƙi ne, jikokinsu kuwa Kanawa ne da ba mai musu. Sai dai abu ya zama ginanne bai hana shi aiki ba. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Da takardar shaidar ƙaramar hukuma ake neman gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo tana cikin abin da ya hura wutar Jos a 2001 da 2008.

Binciken aure dabam yake, in an yi shi yadda ya kamata. Bayan iyayen yaro sun kawo gaisuwa, kafin a sa rana, waliyyi kan tura dattawa biyu unguwar yaron. Ba gidansu za su fara shiga ba. Za su ga mai unguwa, limamin masallacin da yake salla, maƙwabta, da abokan sana'arsa. Tambayoyin sanannu ne: wace sana'a yake ci da ita, yana shaye-shaye, yaya yake da mahaifiyarsa, in ya taɓa aure me ya raba su, kuma in rigima ta taso wane babba ne zai tsawata masa ya ji. Wannan ta ƙarshen ita ce zuciyar binciken. Yanzu an ƙara gwajin jini, har Kano ta mayar da shi doka a 2024, domin masu nau'in jinin AS (masu ɗauke da gadon sikila) biyu in sun yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila.

Inda ake ɓata shi wuri biyu ne. Wani ya tambayi mutum ɗaya, ashe abokin gaba ne ko shi ma yana son yarinyar. Mafi muni kuma, a samu yaro nagari a hana shi don kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko an ce jinin bayi ne. A nan ina tare da malaminka, kuma tun kafin Turawa malamanmu sun rigaye shi: a mazhabar Malikiyya addini da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure ake dubawa, ba nasaba ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan mai neman aure ma addini da hali ya ambata.

In lokacin ƙanwarka ya zo, da kai za a tafi binciken. Ka gaida mahaifiyarka.